Kafin A Sake Kashe Kuɗi Kan Kyamarorin Tsaro

Kyamarar tsaro ta daina zama kayan banki da gidan gwamna. Yau mai shagon magani a Sabon Gari ko mai sayar da atamfa a Kantin Kwari yana iya sayen wadda ke aiki da sola, a saka mata layin waya, ya riƙa kallon shagonsa daga gida. Farashi ya faɗi, hoto ya ƙara fitowa tas, sababbin ma suna tantance fuska da lambar mota. Wannan jarida ba ta adawa da hakan. Abin da ya dame mu shi ne kasuwa ta yi wa doka da tsari nisa, kuma gwamnatocinmu suna ɗaukar sayen na'ura tamkar sayen tsaro.

Manyan masu ƙera waɗannan kyamarori a duniya su ne Hikvision da Dahua, dukansu daga birnin Hangzhou na ƙasar Sin. A 2018 Amurka ta yi dokar da ta hana hukumominta sayen kayansu, a Nuwamban 2022 kuma ta daina ba sababbin na'urorinsu izinin shiga kasuwarta. A watan ne Birtaniya ta hana kafa irinsu a muhimman gine-ginen gwamnati. Indiya ta bi wata hanya: daga 2025 ta wajabta a gwada kyamarar da ke hawa intanet a ɗakin gwaji kafin a sayar da ita. Hankali ya nuna cewa idan ƙofofi suka rufe a can, masu kaya za su ƙara matsowa inda ba a tambaya, kuma ƙasashe irin namu na cikin wuraren.

Za a ce matakin Amurka siyasa ce da kishin kasuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ba ma kiran Nijeriya ta shiga rigimar da ba tata ba. Amma raunin kyamara mai araha ba ƙirƙirar 'yan siyasa ba ne. A 2016 manhajar ɓarna da ake kira Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin adana hoto ta hanyar kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafukan intanet. Mutum nawa ne a cikinmu ke canza wannan kalma bayan mai haɗawa ya tafi? Magidancin da ya kafa kyamara a tsakar gida, inda iyalinsa ke zama ba lulluɓi, ya cancanci ya san ko wani na leƙensa daga nesa. Don haka darasin Indiya ya fi dacewa da mu: a gwada kaya, ko daga ina suka fito.

Darasi mafi ɗaci kuwa a gida yake. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 domin tsarin sadarwar tsaro da ya haɗa da kyamarori a Abuja da Legas, akasarin kuɗin bashi ne daga bankin Exim na Sin. Da bam ya tashi a tashar motar Nyanya a Afrilun 2014, tambayar da ke bakin jama'a ita ce ina kyamarorin suke. Sandunan na tsaye a bakin titi, amma tsarin bai yi aikin da aka yi alkawari ba, bashi kuwa ya zauna a wuyan talaka. A 2023, bayan ƙarar da ƙungiyar SERAP mai fafutukar bin diddigin kuɗin gwamnati ta shigar, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe kuɗin. Matsalar ba ta tsaya ga na'ura ba. Kyamara na buƙatar wuta dare da rana, da mai gyara, da mai zaman kallo, da ɗan sandan da ke da mota da man da zai isa wurin cikin mintuna. Waɗannan ba sa ƙayatar da bikin yanke kyalle, shi ya sa ake mantawa da su a kasafi.

Gaskiya ne hoton kyamara ya taimaka wajen kama ɓarayin shaguna da masu ƙwacen waya. Amma amfaninsa yana tsayawa ne inda hukunci ya tsaya. Ɗan bindigar da ke nuna fuskarsa da kansa a TikTok ba ganinsa ne ya gagara ba.

Muna kira ga duk gwamnan da ke shirin irin wannan kwangila ya bayyana wa jama'a kuɗin gudanarwa na shekara biyar tare da kuɗin saye, kuma a biya ɗan kwangila gwargwadon yawan kyamarorin da ke aiki. Hukumar kula da ingancin kayayyaki (SON) da hukumar sadarwa (NCC) su gindaya mafi ƙarancin sharuɗɗa ga kayan da ake shigowa da su, ciki har da tilasta canza kalmar sirri tun daga kunnawar farko. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta riga ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Ita ya kamata ta fayyace wa ke da ikon kallon hoton titi, kwana nawa za a ajiye shi, da hukuncin wanda ya watsa shi a WhatsApp. Gwamnatin Tarayya kuma ta fara da fito da lissafin Abuja a fili, kamar yadda kotu ta umarta.