Daga Damagaram zuwa Yamai: awa biyu a sama, yini guda a ƙasa

Tun shekarar 1926 da Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka mai da shi Yamai, batun nisa ya zama babbar magana ga mutanen gabas. Ma'aikaci da ɗan kasuwa da marar lafiya, kowa yana da buƙata a Yamai. Saboda haka ya kamata mu san lissafin wannan tafiya.

A ƙasa, hanyar kwalta mai lamba 1 ta kai kimanin kilomita 900. Tana bi ta Tasawa, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Motar fasinja da ta tashi da asuba ba ta isa sai dare. A sama kuwa, tsakanin filin jirgin Damagaram da filin Diori Hamani na Yamai kimanin kilomita 740 ne kawai, domin jirgi ba ya bin kwane-kwane.

To, awa nawa ke nan? Ya danganta da irin jirgin. Jirgi mai farfela irin Fokker 50 yana cin kusan kilomita 500 a awa guda, watau awa ɗaya da rabi. In an haɗa da tashi da sauka, tafiyar takan kusanci awa biyu. In ya yada zango a Maraɗi, sai lokacin ya ƙaru. Da ɗari kuma hazo yakan rufe fili, matuƙi ya kasa hangen ƙasa, a jinkirta tashi ko a fasa.

Amma tarihi ya koya mana cewa gudun jirgi ba shi ne babban abin dubawa ba. Kamfanin Air Niger, wanda aka kafa a 1966, ya durƙushe a 1993. A 2014 Niger Airlines ya fara jigilar cikin gida da Fokker 50. Shekarun da ke tsakani sun nuna wuyar wannan sana'a: mai yana da tsada, gyara yana da tsada, masu iya biyan kuɗin tikiti kuma kaɗan ne. Jirgin da ya tashi rabin kujerunsa babu kowa, hasara ya ɗauko.

Ga shi kuwa Damagaram ta ƙaru. An buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, ga jami'a, ga ciniki da Kano, wadda ba ta fi kilomita 200 ba a sama.

Abin da ya rage ga hukuma da kamfanoni shi ne a tsai da ranakun tashi, a cika su, a kuma daidaita farashi. Mai jinyar da aka ce masa jirgi sai mako mai zuwa, awa biyu ba ta amfane shi da kome ba: mota zai nema da asuba.