Ku Daina Roƙa Wa Majinyacinku Allurar Da Za Ta Kwantar Da Shi

Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san wannan lamari. An fito da mutum daga ɗakin tiyata, ya farfaɗo yana nishi, sai 'yan uwa su taru a kan ma'aikaciyar jinya suna roƙon a yi masa allura mai ƙarfi ya samu barci. Da an yi, ya yi shiru, kansa ya langaɓe, sai hankalin kowa ya kwanta, a shiga buga waya gida ana cewa jiki da sauƙi. Na san tausayi ne ke kawo wannan roƙo. Amma idan tiyatar rage ƙiba aka yi wa wanda ke kan gadon, roƙon nan yana iya jefa shi cikin hatsarin da ya fi zafin da kuke guje masa. Abin da ya kamata ku nema, tun kafin ranar aiki, shi ne allurar kashe wuri, irin wadda likitan haƙori ke yi kafin ya cire haƙori.

Ku fara sanin inda zafin yake fitowa. Tiyatar rage ƙiba da aka fi yi iri biyu ce. A ta farko ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a cire, a bar siririn yanki. A ta biyu ana ware ɗan ƙaramin aljihu daga saman tumbi a haɗa shi da hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran. Galibi ana yin su ne ta 'yan ƙananan ƙofofi huɗu zuwa shida a jikin ciki, bayan an hura cikin da iskar gas domin likita ya ga abin da yake yi ta kyamara. Saboda haka zafin da ke biyo baya yana da tushe uku: ƙofofin da aka huda a fata da tsoka, kayan cikin da aka yanka aka ɗinke, da kuma ragowar iskar da ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wadda ke sa ciwon kafaɗa.

Allurar da kuke roƙo kuwa, daga dangin mofin take, su fetidin da tiramol da makamantansu. Waɗannan magunguna suna aiki ne a ƙwaƙwalwa da laka, kuma a daidai lokacin da suke dushe zafi suna rage ƙarfin numfashi. Masu ƙiba mai tsanani da yawa suna da wata larura da iyalansu ke ɗauka minshari ne kawai: maƙogwaro yana toshewa cikin barci, numfashi ya ɗauke na ɗan lokaci, sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya ja iska. Da dama ba a taɓa gano suna da ita ba. Idan aka ɗura wa irin wannan mutum magani mai sa barci mai nauyi, an raunana wannan zaburarwa da ke ceto shi kowane dare. Shirun da kuke murna da shi yana iya zama numfashi ne ke ja baya.

Ba a nan illar ta tsaya ba. Dangin mofin suna tayar da zuciya, suna sa amai, suna ɗaure ciki. Ku auna mutumin da aka ɗinke masa tumbi ɗazu, wanda ake so ya fara kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, a ce shi ne ke yunƙurin amai. Sannan likitoci suna so majinyacin ya tashi ya taka cikin awanni kaɗan bayan aiki, domin doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu, kuma wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kisa bayan irin wannan tiyata. Wanda magani ya bugar ba zai taka ko'ina ba.

Wani zai ce to a koma ga magungunan ciwon jiki da muka saba, su ibufurofen da daikulofenak. Wannan ƙofar ma a ƙuntace take, musamman ga wanda aka haɗa wa aljihun tumbi da hanji, domin suna iya jawo gyambo a daidai mahaɗar. Likita yana iya ba da su na ɗan lokaci a asibiti bisa lissafi, amma ba abin da za a saya a kemis a riƙa haɗiya ba ne. Abin da ya rage a hannu shi ne farasitamol a kan ƙa'ida, da allurar kashe wuri.

Aikinta a fili yake. Jijiyar ji tana kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa ne ta hanyar wasu ƙananan ƙofofi da sinadarin sodiyam ke shiga. Maganin yana toshe waɗannan ƙofofi a wurin da aka zuba shi, saƙon ya kasa tashi, mutum kuma yana nan a farke da hankalinsa. Ba sabon abu ba ne. Tun 1884 wani likitan ido, Carl Koller, ya nuna a birnin Biyana cewa ana iya kashe zafin wuri guda a yi aiki. An haɗa lidokain a ƙasar Suwidin a 1943, daga baya aka samu bufibakain da rofibakain waɗanda suka fi daɗewa a jiki. Lidokain da bufibakain duka suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba masu tsada ba ne.

A tiyatar rage ƙiba, likita yana iya zuba maganin a bakin kowace ƙofa da ya huda. Yana kuma iya zuba shi tsakanin tsokokin bangon ciki, inda jijiyoyin ke ratsawa, dabarar da likitoci ke kira TAP, wadda aka fara bayyana ta a 2001, ana yin ta da taimakon na'urar hoto ko da kyamarar tiyatar kanta. Ƙungiyar ƙwararru ta ERAS, mai tsara yadda za a hanzarta murmurewa bayan tiyata, ta fitar da ƙa'idojinta kan wannan aiki a 2016 ta sabunta su a 2021, kuma matsayinta shi ne a haɗa hanyoyi da dama, har da allurar kashe wuri, domin a rage dogaro da dangin mofin. Idan kun nemi haka, abin da masanan fannin suka rubuta kuka nema.

Akwai hujjoji a ɗaya ɓangaren, kuma ba zan ɓoye muku su ba. Allurar kashe wuri ta fi tasiri a kan zafin fata da tsoka. Zafin da ke can cikin ciki da na kafaɗa ba ta cika gama da su ba. Ƙarfinta yakan gushe kafin a cika kwana guda. Don haka wasu majinyata za su buƙaci ɗan mofin, kuma hana su shi zalunci ne. Abin da nake faɗa shi ne ya zama na ko-ta-kwana, a ba da kaɗan idan buƙata ta taso, ana sa ido a kan numfashi. Awannin farkon nan da allurar ke rufewa su ne lokacin da zafi ya fi tsanani, ragowar maganin barcin tiyata kuma bai gama fita daga jiki ba, wato lokacin da ƙarin magani mai nauyi ya fi hatsari.

Ita ma allurar tana da nata hatsarin. Idan ta yi yawa ko ta shiga jijiyar jini, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa da zuciya. Alamun farko su ne jin leɓe da harshe sun mutu, ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, da jiri. In abin ya yi nisa sai jijjiga da rikicewar bugun zuciya. Shi ya sa ba a lissafa adadinta da cikakken nauyin mai ƙiba, kuma asibitin kirki yana ajiye wani ruwan mai da ake ƙarawa ta jijiya domin karya dafinta. Idan majinyacinku ya ambaci ɗaya daga cikin alamun nan, ku kira ma'aikata nan take.

Mu kuma muna da ƙarin dalilin taka tsantsan. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya kimanin miliyan 4.6 suna shan magungunan wannan dangi, irin su tiramol, ba bisa umarnin likita ba. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wanda aka sallama da sabon tiramol ya dawo inda samunsa ba wuya, yana iya rabuwa da ƙiba ya ɗauko wata cutar. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Da yawa daga cikin masu yin wannan tiyata suna fita ne zuwa Indiya ko Masar ko Turkiyya, ta hannun dillalai. Dillali zai lissafa muku otal da motar filin jirgi da tafinta, amma da wuya ya faɗi yadda za a kula da zafi, ku ma kuma ba ku tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Ko a gida ko a waje, ku nemi ganin likitan da zai sa barci kafin ranar aiki. Ku gaya masa idan majinyacin yana minshari mai ƙarfi ko numfashinsa na ɗaukewa da dare, kuma kada ku ɓoye idan yana shan tiramol ko maganin barci. Ku tambaye shi ko za a yi allurar kashe wuri, wace iri, da abin da aka tanada idan ta saki. Ku tambayi wanda zai lura da numfashi a daren farko, da magungunan da za a tafi da su gida da ranar daina su. Asibitin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya ba ku amsar da kuke buƙata.

Akwai kuma zafin da bai kamata a danne shi ba sam. Idan ciwon ciki yana ƙaruwa maimakon raguwa, zuciya tana bugawa sama da sau 120 a minti guda, ga zazzaɓi ko haki, wataƙila ɗinkin tumbin ne ke yoyo, kuma wannan aikin gaggawa ne. Majinyacin da ke a farke shi ne zai iya gaya muku cewa ciwon yau ya bambanta da na jiya. Don haka idan kun shiga ɗakin kuka same shi a zaune yana ɗan yamutsa fuska, yana kurɓar ruwa, yana neman a riƙe shi ya taka, kada ku je neman mai allura. Ku kama hannunsa ku taimaka masa ya sauko daga gadon.