Filin Ciniki: Abin Da Kafancan Ke Koya Wa Ɗaliban Kasuwanci

Akwai wata tambaya da ba ta cika ɓacewa daga takardun jarrabawar ilmin kasuwanci ba, watau a ce wa ɗalibi ya bayyana abubuwan waje da ke shafar shirin ɗan kasuwa. Abubuwan cikin gida su ne jari da ma'aikata da kayan aiki, waɗanda mai sana'a ke da iko a kansu. Na waje kuwa su ne waɗanda ke auko masa ba da shawararsa ba. Tun 1967 wani malamin Jami'ar Harvard ta Amurka, Francis Aguilar, ya kasa su kashi 4, daga baya masana suka mai da su 6: siyasa, tattalin arziki, zaman jama'a, fasaha, doka da yanayin ƙasa. Ɗalibai da yawa kan haddace waɗannan su zuba a takarda, sa'an nan su yi mamakin ƙarancin makinsu. Dalili kuwa shi ne mai duba takarda misali yake nema, da yadda abin ya kai ga aljihun ɗan kasuwa. Wanda ya san tarihin Kafancan da kudancin Jihar Kaduna ba ya bukatar aron misali daga Ingila.

A fara da fasaha, domin ita ce ta raya garin. A 1927 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi ta haɗu da ta Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga Kafancan zuwa Jos. Wurin ya zama mahaɗa, ma'aikatan reluwe da fatake daga kowane sashe na ƙasar suka taru, masu masauki da masu abinci da 'yan dako suka sami abin yi. Da tituna suka yawaita, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, Hukumar Jiragen Ƙasa kuma ta yi rauni tun daga shekarun 1980, sai kasuwar bakin tasha ta yi sanyi. Sabuwar hanyar jirgi ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ma ba ta bi ta Kafancan ba. Mai kantin da ya kafa shirinsa a kan fasinjan jirgi bai yi ha'inci ba, bai yi lalaci ba, amma ciniki ya guje shi. Wanda ya koma bakin titi da wuri shi ya tsira. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Na biyu shi ne siyasa da zaman jama'a. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun raba garin da ma'aikata da 'yan kasuwa 'yan Gabas masu yawa, suka kuma yanke hanyar Fatakwal. A watan Maris na 1987 tarzomar da ta tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafancan ta bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa. Rikicin Zangon Kataf na 1992 kuwa a kan maganar sauya wa kasuwa mazauni ya faro. Har wa yau a watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, babbar kasuwar Kafancan ta ƙone. Lalle ne ɗalibi ya bi sawun asarar har ƙarshe: kaya sun ƙone, dokar hana fita ta rufe shaguna, baƙin masu saye sun ɗauke ƙafa, bashi kuma da ake bayarwa bisa amana tsakanin mai kaya da dillali ya tsaya. Wannan na ƙarshe ya fi wuyar gyara, gama ana sake gina rumfa cikin wata guda, amana kuwa sai an shekara ana nema. Shi ya sa ɗan kasuwa mai hangen nesa ba ya tara hajarsa duka a sito ɗaya.

Na uku shi ne tattalin arziki, kuma a nan citta ce babbar shaida. Ƙananan hukumomin Kaciya da Jaba da Kagarko da Jama'a su ne cibiyar noman citta a Nijeriya, inda ake shuka irin tafin giwa da yatsun biri, a tsaga, a shanya, a kai kasuwanni irin na Kwoi da Kubaca, daga nan sai Ikko, sai ƙasashen waje. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, ta karya darajar naira, 'yan kasuwa suka sami damar fitar da kaya da kansu. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga kimanin naira 185 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dalar da take wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Abin lura shi ne abu ɗaya ya zama cuta ga wani, magani ga wani. Mai fitar da citta yana karɓar dala, sabili da haka kuɗinsa na naira ya ƙaru. Mai sayar da taki ko kayan gyaran babur da ake shigowa da su kuwa jarinsa ya narke. Amsar da ta nuna wa ya ci, wa ya faɗi, ita ce mai kawo maki.

Na huɗu shi ne yanayin ƙasa. A daminar 2023 wata cuta mai ruɓar da citta ta auka wa gonakin kudancin Kaduna, manoma suka yi asarar biliyoyin naira. Farashi ya ninka, iri ya yi wuya a shekarar da ta biyo. Wanda ke da tsohuwar citta a sito ya yi riba, wanda ya karɓi kuɗin mutane bisa alkawarin kawo kaya da kaka ya shiga uku. Manomin da ya haɗa da masara ko waken soya ko kurkum ya sami abin dogara.

Na biyar ita ce doka, ta gida da ta waje. Canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, kasuwannin ƙauye suka tsaya cik, masu karɓar kuɗi ta waya suka yi gaba. A waje kuma Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan gubar hunhuna da za ta yarda da ita a cikin kayan yaji, har da citta. A 2015 ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shanya citta a ƙasa ko a gefen titi yana iya rufe ƙofar da aka daɗe ana ci daga gare ta.

To, ga yadda ya kamata ɗalibi ya tsara amsarsa. Ya ambaci abin da ya auku da shekararsa. Ya nuna ta inda ya shiga: ta farashin kaya ne, ko ta yawan masu saye, ko ta kuɗin dako. Ya faɗi ko barazana ce ko dama, da kuma ga wa. Daga ƙarshe ya kawo matakin da ya dace, kamar sauya mazauni, ko raba jari, ko rage bashi, ko gyara ingancin kaya. Ya kuma tuna cewa abubuwan nan ba su zuwa ɗaya ɗaya. A 2023 kaɗai, manomin citta na Jaba ya gamu da ƙarancin kuɗi kafin shuka, da tsadar mai lokacin noma, da cuta kafin girbi.

Wannan lissafi ba na ɗakin jarrabawa ne kaɗai ba. Ɗalibin da ya kasa yinsa maki zai rasa, ya sake zama baɗi. Ɗan kasuwar da ya kasa yinsa kuwa jarin shekara 20 ne zai salwanta, da abincin iyali, da kuɗin makarantar shi wannan ɗalibin. Ba a fafe gora ranar tafiya.