Hutun yara a Matameye: a fara da lissafi kafin a hau mota

Da zarar an rufe lakwal, wayoyin mutanen Matameye kan cika da hotuna iri ɗaya: yara a kan lilo mai juyawa da su sama, ƙaramin jirgin ƙasa na wasa yana gangarowa a guje, iyali sun yi anko a ƙofar wani katafaren gidan wasa na Dubai ko na Turai. Yaro ya gani a wayar yayansa, ya je ya tsaya gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, mu ina za mu je bakans?" Wani uban ya daka masa tsawa. Wani kuma, musamman ɗan kasuwa ko ma'aikacin da yake ganin ya ɗan samu, ya yi alkawarin da aljihunsa bai kai ba. Dukansu sun yi kuskure, amma na biyun ya fi jawo wa gidansa wahala.

Waɗannan wurare da ake gani a waya suna da tarihi. An buɗe Disneyland a Kalifoniya ta Amurka a 1955, aka buɗe Walt Disney World a Fulorida a 1971, wanda a yanzu yake da manyan filayen wasa huɗu da otal-otal a cikinsa, sannan na kusa da Paris a 1992. Iyalai kan tare a can mako guda ko biyu. Tikitin shiga na mutum ɗaya a rana ɗaya a Fulorida ya haura dala 100 ta Amurka, wato ya fi mafi ƙarancin albashin wata a Nijar, wanda yake jaka 42. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne yadda masu zuwa can suke shiri tun da sauran watanni: su tara kuɗi, su rubuta inda za a je kowace rana, su ware ranar da ba za a fita ba don yara su huta, su ƙayyade abin da za a kashe a abinci. Wurin ya fi ƙarfin kusan kowa a ƙasar Kance, inda Matameye take. Tsarin kuwa ba a sayensa da ko dala.

Akwai dalilin da ya sa maganar tafiya don shaƙatawa take yi wa dattawan wannan yanki nauyi a kunne. A Kance, tafiya ci-rani ce. Maza su nufi Kano, Agadas ko Libiya, mata da yara su nufi Aljeriya. Ba a manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara daga wannan yanki. Wanda ya san haka, in aka ce masa a kwashi iyali a je kallo, dole ya ga kamar almubazzaranci ne. Ana fahimtarsa. Sai dai yaron da bai san hanya ba sai ta neman abinci an tauye shi. Wasa haƙƙinsa ne, kuma addinin da ya hana ɓarnar dukiya shi ne ya nuna yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake barin jikokinsa su hau bayansa.

Saboda haka tambayar da ta dace ita ce yadda za a yi hutun ba tare da an karya gida ba. Babban hutun lakwal yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gona tana neman taki da ƴan ƙwadago, zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara, ga kuma komawa lakwal a watan Oktoba. Magidanci mai hankali yakan cire waɗannan gefe tukuna: kuɗin littattafai da tufafin makaranta, na gona, na magani. Abin da ya rage shi ne kuɗin hutu, kuma shi zai faɗi yawan kwanakin da nisan tafiyar. Wanda yake son ragowar ta yi kauri, sai ya fara tun da kaka, ko lokacin da rake da kayan lambu suke kasuwa, ya shiga adashi da wannan niyya.

An san ɗaya hanyar, kuma an san ƙarshenta. A sayar da tunkiyar uwargida da alkawarin za a mayar mata, a karɓi bashin mai shago, a yi kwana goma ana ɗora hotuna a WhatsApp. Oktoba ta zo, yarinya ta tafi aji da rabin tsohon littafin bara, maigida ya koma bin lungu don kada ya wuce ta gaban shagon. Yaran da aka ce an yi dominsu su ne suke fara biyan kuɗin.

Alhali abin kallo yana kusa. Damagaram ba ta kai kilomita 100 daga Matameye ba, kuma kwana uku a can za su cika kan yaro da abin da zai yi shekara yana labari. Ita ce babban birnin Nijar a zamanin Turawa kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Ga fadar Sarkin Damagaram a unguwar Birni, ga dogarai da jajayen rawuna a ƙofa, ga gidajen ƙasa masu zanen ado a bango, ga manyan duwatsun da birnin ya zauna a tsakaninsu, ga Zango da tarihin fatake. Uban da ya riƙe hannun ɗansa a lungunan Birni yana ba shi labarin Sarki Tanimun ya ba shi abin da babu lilon da zai ba shi. Kuma bai kamata a yi ta ɗage zuwan ba, domin a watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Yaran da ba a kai sun gan shi ba, sai dai a hoto.

Ta kudu kuwa, daga Ɗan Barto a tsallaka Kwangwalam, sai Daura. A nan yaro zai leƙa rijiyar Kusugu, ya sha ruwanta, ya ji labarin Bayajidda da Daurama a inda ake cewa abin ya faru. Daga can hanya ta miƙe zuwa Kano, inda za a samu abin da ya fi kama da na cikin waya: Gidan Zoo da aka kafa a zamanin gwamna Audu Bako, da wuraren lilo, da kantin Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014. Kada su sa a manta da dutsen Dala, da Gidan Makama, da marinar Ƙofar Mata. Faɗuwar darajar naira tun 2023 ta sa mai sefa a hannu yana jin ƙarfinsa a Kano, kuma a nan ne hannu kan zarce. A canja abin da aka ware kawai, sauran ya kwana a gida.

Hanyar Kano tana son bincike kafin a tashi. An rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli na 2023, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, don haka a tambayi direbobin tasha halin da ake ciki, a tafi da katin shaida da takardun haihuwar yara. Mai son kallon hawa ma ya tambaya tukuna, domin tun 2024 an sha dakatar da hawan Sallah a Kano saboda rikicin sarauta. Wanda ya taɓa ganin ƙofar Gidan Zoo a ranakun Sallah ya san turmutsutsun da ake yi: yara a sabbin kaya, masu balan-balan da masu alawa, ƴan adaidaita sahu suna ta oda, can kuma wata uwa tana kiran sunan ɗanta muryarta na rawa. A zaɓi ranar da ba Sallah ba, a je da safe, a rubuta lambar waya a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu.

Yamai tana da gidan tarihi na Boubou Hama, mai namun daji da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, amma tafiyar ta kusan kilomita 900 ce. Da ƙananan yara, sai an yi tunani sau biyu.

Akwai mutum biyu da ake yawan mantawa da su a wannan lissafi. Na farko mai masauki. Zumunci ya sa ba a neman otal, ana sauka gidan ƴan uwa, amma sauke mutum bakwai a gidan ma'aikaci mai ɗaki biyu har sai abin da hali ya yi zalunci ne da aka lulluɓe da sunan ziyara. A sanar da shi tun da wuri, a faɗi ranar tafiya tun ranar zuwa, a riƙo hatsi da wake da ɗaurin rake. Ta biyu ita ce uwar yaran. In ta bar murhun gidanta ta koma murhun gidan wani, ga wanki ga goyo, maigida kuma yana majalisa da tsoffin abokai, to shi kaɗai ya yi hutu. A sa ranar da za a sayi abinci a waje, ranar da uba zai fita da yara ita ta je ta gaida danginta ko ta yi barci.

Gidan sauro ya shiga jaka kafin sabbin kaya. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 wata-wata a damina ma kada tafiya ta sa a tsallake zagaye.

Bayan duk wannan, yawancin yaran Matameye ba za su je ko'ina ba a bana. Suna gona da safe, da yamma kuma su nufi kududdufai da ramukan da aka haƙa ƙasar gini, inda ruwan damina yake taruwa, kuma kowace uwa ta san haɗarin da ke ciki. Kira ga hukumar gari da attajiran Kance na gida da na waje: a ware fili ɗaya, a kewaye shi, a dasa itatuwa, a sa maƙeran garin su ƙera lilo da abin zamiya, a ɗauki mai gadi. Kuɗin shiga ya zama wanda ɗan talaka zai iya biya.