Wayar Miliyan Biyu a Fadan Kaje

Duk wanda ya taɓa yin hutun Kirsimeti a Fadan Kaje, ko Zonkwa, ko Kafanchan, ya ga abin da za mu faɗa da idonsa. Da zarar 'yan birni sun fara sauka daga Kaduna da Abuja, sai gasa ta tashi. A da, gasar ɗinki ce da takalmi. Yau ta koma ta wayar hannu. Saurayi zai zo majalisa, kafin ya gama gaisawa sai ya kife wayarsa a kan benci, bayanta na kallon sama, domin a ƙirga idanun kyamararta. Mai ido uku ya raina mai biyu, mai biyu ya raina mai ɗaya. Mu kuwa ɗalibai masu riƙe da tsofaffin Tecno da Itel, gilashi duk ya tsage, sai mu cusa namu a aljihu kamar kayan sata. Wannan kunyar muka zo yi wa tawaye.

Bari mu fara da lissafi, tunda ba ya son kai. A shekarar 2024 kamfanin Apple ya fito da iPhone 16 Pro Max a kan dala 1,199 a Amurka. A wannan shekarar dala ɗaya ta haura naira 1,500, bayan an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa tun watan Yuni na 2023. Ke nan wayar ta doshi naira miliyan biyu tun kafin ɗan kasuwa ya ɗora ribarsa. A watan Yuli na 2024 ɗin aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ma'aikacin da ke kan wannan mataki sai ya yi fiye da shekara biyu bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, kafin ya riƙe ta. To, ɗalibin da bai taɓa karɓar albashi ba, daga wace rijiya zai ɗebo?

Mun san rijiyar. Gumin iyaye ne. Ƙasarmu ta kudancin Kaduna da citta aka san ta, kuma a daminar 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta ta ruɓar da ita a cikin ƙasa, manoma da yawa ko iri ba su tsira da shi ba. A irin wannan gida ne yaro zai dawo hutu ya ɗaure fuska, wai wayarsa ta tsufa, abokai suna yi masa dariya. Uwa ta kwance ɗan abin da ta ƙulle a bakin zane, ko a ja akuya zuwa kasuwa. Wani kuma ya ci bashin manhajar waya, ya kwana yana gudun kira. Kowa ya daka ta ɓaɗo, kowa ya daka ta jiƙo, an ce, amma nan mai daka daban, mai sha daban.

A ce ma an saya. Me ta ƙara? Abin da ake kurantawa a manyan wayoyi shi ne 5G. Lokacin da MTN ta buɗe shi a 2022, birane bakwai ta zaɓa: Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri. Ko Kaduna ba ta shiga ba, balle Fadan Kaje. Inda sabis ya yi rauni, mai wayar miliyan biyu da mai ta dubu sittin tudu ɗaya suke hawa suna ɗaga hannu sama. Idan wuta ta ɗauke, layi ɗaya suke bi a shagon mai caji. Kuɗin data da aka yarda kamfanoni su ƙara da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 bai tambayi kowa sunan wayarsa ba.

Za a ce mana tsohuwar waya tana gajiya. Gaskiya ne, mu ma muna fama. Batir ya mutu kafin azahar, wuri ya cika, manhajar banki ta ƙi buɗewa. Sai dai ya kamata mu tambayi wanda ya gajiyar da ita. A ƙarshen 2017 Apple ya amsa da bakinsa cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyinsa, wai don kare su daga mutuwa saboda raunin batir, kuma a 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 domin bai sanar da masu saye ba. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba, alhali lafiyarsu lau. Da suka ga dama kuwa, Google a 2023 da Samsung a 2024 sun yi alkawarin sabunta manyan wayoyinsu har shekara bakwai. Ashe waya tana iya daɗewa; da ma ba a so ne. Fushinmu kamfanonin nan ya kamata ya dosa, sai ga shi muna sauke shi a kan juna.

Ba mu ce kowa ya rungumi gawa ba. Mai ɗaukar hoton biki yana ci da kyamara, ya sayi mai kyau, jarinsa ne. Wanda wayarsa ta daina karɓar sabuntawar tsaro kuma yana ajiye kuɗi a ciki, ya sauya, amma matsakaiciya ta ishe shi. Sauranmu fa? Karatun takardun da malamai ke turowa (su ma malaman su rage mana nauyinsu, don Allah), kiran gida, da tura kuɗi. Sau da yawa ciwon bai wuce batir ko bakin caji ba, kuma masu gyara a Kafanchan suna sauya su a zama ɗaya.

Saboda haka, mu dai mun yanke shawara. Hutun Disamba mai zuwa za mu biya ta wurin mai gyara a sa mana sabon batir, mu share tarin bidiyon da ya toshe wuri, canjin da ya rage mu kai wa Mama. Idan an zauna a majalisa an fara kife wayoyi, za mu fito da namu mu kife a tsakiyar benci.