Murjani Ba Dutse Ba Ne, Jama'a

Yanzu yayi ne mu da muka tashi a Ingila da Amurka mu haɗa kuɗi mu tafi hutu bakin teku ayari guda: Masar, Zanzibar, Maldib. Ni ban ƙi ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu taka murjani don hoto, har su ɓallo tsaraba.

Murjanin nan, ɗan uwan wanda kakanninmu mata ke ɗaurawa a wuya, halitta ce mai rai. Wani irin, santimita ɗaya yake ƙaruwa a shekara, don haka abin da ƙafa ta karya yau sai ya yi shekaru bai dawo ba. Ga zafin ruwa: a 1998 ya kashe murjani mai yawa a Maldib, a 2016 ya yi ɓarna a Ostareliya. Mu kuma mu ƙara da namu?

Mu faɗa wa juna gaskiya, da yawanmu ba su iya iyo ba, shi ya sa ƙafa ke neman matsaya. To a koyi iyo kafin a yanki tikiti. In an shiga ruwa, ido ya kalla, hannu ya yi haƙuri.