Kwangila a ofis, bashi a kasuwa

Duk mai rumfa ko kanti a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ya san wannan magana: "Alhaji, na samu kwangilar aji biyu, ba ni siminti tan 5 da ƙarfe da kwano, da an biya ni za ka ji ni." Mai tuwo ma ta san ta, don ita ake ce wa ta riƙa kai wa leburori abinci a shantiye, a yi lissafi ƙarshen wata. Haka mai amalanken da ke jido yashi daga gulbi, haka ɗan ga-ruwa. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, damina ta faɗi ta ɗauke, gini ya tsaya daidai tagogi, ɗan kwangila kuwa in ya hango mu sai ya sake hanya. Mukan ce ya ci amana. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa shi ma wani ne ya shaƙe shi, kuma duk igiyar da doka ta ɗaura wa ɗan kwangila a ofis, a rumfunanmu bakinta yake ƙarewa.

Abin ba yau ya fara ba. A shekarar 2001 marigayi shugaba Tanja Mamadu ya ƙaddamar da shirinsa na musamman da kuɗin yafe bashin da ƙasashen waje suka yi wa Nijar, aka shiga gina azuzuwan lekol da ƙananan gidajen likita a ƙauyuka. A 2004 aka yi zaɓen kwamin na farko, gundumar Tasawa ta tashi da kwamin 7, ta Mayahi da 8, kowace da kasafinta, kowace tana ba da aikin aji da rijiya da rumfunan kasuwa. Daga Korgom har Kanambakashe, mutane da yawa da muka sani da awon hatsi ko sayar da atamfa sun wayi gari ƴan kwangila. Ba mu ga laifin haka ba, kuɗin gari ya zauna a gari. Sai dai kwangilar hukuma ba cinikin kasuwa ba ce da ake tafa hannu a ce Allah ya sa albarka, kuma ƴan uwan namu da yawa sun sa hannu kan takardu cikin Faransanci ba tare da wani ya karanta musu abin da ke ciki ba.

Ga abin da ke ciki. Ƙa'idojin da ƙungiyar UEMOA ta fitar a 2005, waɗanda dokar kwangilolin ƙasarmu ta bi sawunsu, sun ce kuɗin somin aiki da ake ba ɗan kwangila ba zai wuce kashi 30 cikin 100 ba, kuma galibi sai banki ya tsaya masa kafin ya taɓa su. Sauran sai an auna aikin da ya yi a biya shi kashi-kashi. In ya gama, ana iya riƙe har kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa, a jira a ga ko bango zai tsage ko kwano zai yi yoyo, jiran da yakan kai shekara guda. In ya wuce wa'adi, kowace rana da tararta. Mu ɗauki kwangilar miliyan 10 don misali: in ya yi sa'a ya samu miliyan 3 a farko, jika 500 kuma suna iya kwana a hannun hukuma har baɗi. To abin da ke tsakani, wa ke ɗaukar nauyinsa kafin a biya? Mu ne. Simintinmu ne, ƙarfenmu ne, tuwon ƴan uwanmu mata ne. Mun zama bankin ɗan kwangila, bankin da ba ya karɓar jingina, ba ya ko riƙe takarda.

Waɗannan ƙa'idoji sun kuma ce hukuma ta biya cikin kwana 60, in ta wuce ta ƙara masa kuɗin jinkiri. A takarda ke nan. A zahiri kowa ya san kwamin ɗin karkara da harajin kai da na kasuwa take rayuwa, shekarar da gero bai yi ba aljihunta ma bai yi ba. Ɗan kwangila na iya kai ƙara, yana iya ma yin nasara, amma a nan gizo ke saƙa. Dokar OHADA, wato dokar kasuwanci da Nijar ta yi tarayya a cikinta da wasu ƙasashen Afirka 16, a sashe na 30 na babin karɓo bashi, ta hana a kama dukiyar gwamnati ko ta kwamin da ƙarfi don biyan bashi. Gyaran da aka yi mata a 2023 ya buɗe hanyar neman a shigar da bashin cikin kasafin kuɗin hukumar, amma hanin kamun yana nan. Ma'ana, motar ɗan kwangila ana iya kama ta a yi gwanjonta saboda bashin banki, motar mairi kuwa ba mai taɓa ta saboda bashin ɗan kwangila. Akwai kuma hukumar da ke sa ido kan kwangiloli da sauraron koke, wadda a da ake kira ARMP, ta koma ARCOP a 2022, amma a Yamai take, fiye da kilomita 700 daga Tasawa. Ƙaramin ɗan kwangilar da ya gina aji biyu a Urafan, da wane kuɗin mota da na lauya zai bi wannan hanya?

Ga kuma farashi. Ƙananan kwangiloli yawanci da tsayayyen farashi ake sa musu hannu, alhali mu da ke kasuwa mun san kayan gini ba su kwana inda suka wuni. Da Nijeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, da kuma takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yulin 2023, kayan da ke zo mana daga Katsina da Kano sun yi tsada, wasu sun ɓace gaba ɗaya. Wanda ya yi lissafinsa kafin rufewa, da ya zo saye sai ya ga ribarsa ta narke har ta taɓa uwar kuɗi, ranakun tara kuma suna ta tafiya. Sai a watan Oktoban 2024 gwamnati ta rage farashin siminti da doka, bayan ambaliyar da ta rusa gidaje birjik a jihar Maraɗi.

Kada a ce muna wanke ƴan kwangila. Akwai waɗanda ba su san bambancin bulo da tubali ba, siyasa ce ta ba su aiki, su cire nasu kason su sayar wa wani, shi ma ya cire ya sayar, har aikin ya isa hannun magini na gaskiya ba sauran nama sai ƙashi. Ƙa'idar 2005 ta ce abin da ɗan kwangila zai miƙa wa wani kada ya wuce kashi 40 cikin 100, kuma da sanin hukuma. Wanda ya sayi kwangila a ɓoye, hukuma ba ta san shi ba, mu da muka ba shi kaya kuwa ko a mafarki ba ta san mu ba. Ba mu manta da badaƙalar MEBA ta ma'aikatar ilimin firamare ba, wadda ta kai ministoci biyu gidan kaso a 2006, ta kuma zama sanadin faɗuwar gwamnatin Hama Amadu a watan Mayun 2007. Wanda ya rage siminti ya ƙara yashi kuma ya sani cewa doka na bin magini har shekara 10 in gini ya lalace saboda ha'incinsa. Ajin da aka bari ba rufi, ƴaƴanmu ne ke komawa rumfar kara a madadinsa, kuma ba wanda ya manta gobarar watan Nuwamban 2021 a wata lekol ta birnin Maraɗi, inda yara fiye da 20 suka rasu cikin azuzuwan kara.

Mafi shiga uku shi ne wanda ya fara aiki da baki. Babba ya kira shi ya ce fara, takarda na tafe. Ya ci bashi ya fara, takarda ba ta zo ba, kujera ta sake mai zama. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun kwamin na ƙasar nan duka, aka naɗa kantomomi. Wanda ya gaji kujera abin da ya tarar a rubuce shi zai duba, kuma ba za mu ce ya yi laifi ba.

To mu fa, jama'ar kasuwa? Ranar da kuɗi suka fito, ba hannun ɗan kwangila suke fara faɗawa ba. Asusunsa na banki suke shiga, in kuwa ya jinginar da kwangilar, banki ya fara cire nasa, ma'aikatar haraji ma tana nan tana jira. Mai kanti da mai tuwo su ne ƙarshen layi. Don haka kafin buhu ɗaya ya bar kanti, mu ce a nuna mana kwangilar da hatimi da sa hannu, mu sami ɗan lekol ya karanta mana wa ya ba da aikin, nawa ne, yaushe ne wa'adi. Sannan a rubuta abin da ya ɗauka, da kuɗinsa, da ranar biya, ya sa hannu gaban shaidu biyu, ko da a takardar kaye ce, ko da da ajami ne. Mun san abin da za a ce: ai ɗan uwa ne, ai surukinmu ne, kunya ba za ta bari ba. Amma rubuta bashi ba baƙon abu ba ne gare mu, malamanmu sun daɗe suna karanta mana umarninsa cikin Suratul Baƙara.

Gaskiya ne dokar kasuwanci ta yarda a kafa hujja kan ɗan kasuwa ko da shaidu ne. Sai dai gajeriyar hanyar da OHADA ta tanada, inda alƙali ke duba takardu ya ba da umarnin a biya ba tare da doguwar shari'a ba, takarda take so. Da ita kuma ake iya neman izinin a tare kuɗin mutum a banki kafin su salwanta. Wani abin da yawancinmu ba mu sani ba: bashin kayan da ɗan kasuwa ya sayar wa ɗan kasuwa, in ya shekara 2 ba a kai ƙara ba, wanda ake bi kuma bai amsa shi ba, yana iya mutuwa a gaban kotu. Haƙurin da muke yi shekara da shekaru, muna cewa bari dai a biya shi, yana iya cinye mana haƙƙi. In an je gaban sarki sasanci, a roƙi a rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya riƙe nasa. Akwai kotu a Tasawa, akwai a Mayahi, ba sai an je Maraɗi ba kan ƙaramin bashi.

Ƴan uwa mata masu abinci, ku naku ya fi sauƙi kuma ya fi zafi. Jarinku bai kai na jiran wata uku ba, kuma sau da yawa daga asusun Mata Masu Dubara kuka ranto shi, ranar zubi ba ta san an biya ɗan kwangila ko ba a biya ba. Ku yi ciniki da shugaban leburori a kan biyan kowace ranar kasuwa. Mako ɗaya ya wuce ba a biya ba, tukunya ta sauka.

Ga hukumomin kwamin 15 na gundumomin nan biyu kuma, roƙonmu ɗaya ne, ba ya cin ko dala. A liƙa a bangon mairi, a kuma karanta a rediyon karkara da Hausa, sunan kowane aikin gini da aka bayar, da wanda aka ba, da kuɗinsa, da abin da aka riga aka biya, da ranar da aka biya. Kuɗin tikitin da ake yankar mana kowace ranar kasuwa na cikin abin da ake waɗannan gine-gine da shi. In ɗan kwangila ya ce ba a biya shi ba, mu taka mu je mu duba bango.